Kibod Ɗin da Aka Yi wa Wanka da Ransa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙamshin sabulun wanke-wanke, nake sanar da abokan aiki, 'yan uwa da maƙwabtan wannan ofis rasuwar kibod ɗina, abokin zamana tun ina jami'a, wanda ya bar mu a farkon makon nan bayan gajeriyar jinya. Na ambaci ƙamshin ne don shi na fara ji da safiyar Litinin, tun ban ajiye jaka ba. Na dubi tebur na ga marigayi yana ƙyalli. Ƙurar da ke tsakanin haƙoransa, wadda na sani kamar tafin hannuna, babu ita. Da na ɗaga shi sai ɗigon ruwa ya faɗo a kan takardata. Nan na san ba lafiya ba, domin a ofishin nan ba a yi wa mutum alheri a ɓoye.

Marigayi ba ɗan gidan masu hali ba ne. Yayata ce ta ciro shi daga ƙarƙashin gadonta ta ba ni, a shekarata ta ƙarshe a sashen injiniya, lokacin da na gano cewa laftof ɗina ba shi da jerin lambobin nan na gefen dama. Baƙi ne, mai nauyi, da doguwar waya da aka ɗaure da salatif a wuri biyu. Ƙafarsa ɗaya ta karye tun kafin mu haɗu, don haka ya yi rayuwarsa a jingine da guntun magogin fensir, bai taɓa ƙorafi ba.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba: kamfanin gini ne, kuma rabin rayuwarmu jadawalin rodi ne da na bututu. Kowane rodi da kaurinsa, kuma kafin a rubuta kaurin sai an sa wata alama, sifili da aka soke da sanda, wato Ø. Sai ka ga Ø12, Ø16, Ø20, layi bayan layi. Alamar nan ba ta da maɓalli a jikin kowane kibod. Sai an kira ta take zuwa, kuma marigayi ya iya kiranta. In na danne Alt da ɗan yatsan hagu, na buga sifili, biyu, ɗaya, shida a lambobin gefen dama, sai in ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. In na saki Alt, sai ɗan shiru, sai ga ta ta fito, a Excel ko a Word, duk ɗaya ne a wurinsa. Har maɓallan nan huɗu suka goge, suka yi sumul kamar goshin jariri. Babban maɓallinsa na ƙasa kuwa yana da wani nishi, ƙiii, irin na tsohon da ya zauna bayan doguwar tafiya. Wannan nishin nake ji har yanzu in ofis ya yi tsit.

Ya kasance mai haƙuri, mai riƙon amana, marar surutu sai an taɓa shi. A nan muka yi kama. Mama takan ce da ni, "Ke dai bakinki kamar an ɗinke shi da zaren buhu. Wata rana za a ci tuwo a kanki, ki ce a ƙara miya." Ba ta san an daɗe ana ci ba.

Domin a wannan ofis akwai wani bawan Allah, injiniya kamar ni, wanda ya riga ni zuwa, ya kuma fi ni turare da murya. Sakatariya ce ta sa masa Malam Kawai, don ba ya buɗe baki sai da kalmar. Yakan tsaya a bayana, ya ajiye filashin kwamfuta mai ɗauke da fayil ɗinsa kusa da hannuna, ya ce, "Ƙanwata, na gama komai, kawai ki sa min 'yar alamar nan taki." In na buɗe sai in tarar da kan jadawali, da sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe, tsakani kuwa fili fetal, ko akuya ba za ta sami abin ci ba. Ba a sa alama a gaban lambar da babu. Sai in ɗauko zane, in ƙirga rodi, in auna tsawo, in fitar da nauyi, ni da marigayi, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, har jadawali ya cika. Shi kuma ya dawo daga shan iska ya kai wa Oga. Ta bango nakan ji Oga yana cewa, "Kai dai hannunka akwai tsabta."

A watan jiya Oga ya ce mutum ɗaya daga cikinmu zai tafi ya kula da ginin sabon tankin ruwa, kuma wanda ya fitar da jadawalin rodin tankin shi zai tafi. Tun da aka ɗauke ni aiki ban taɓa taka filin gini da sunan kamfanin nan ba. Ina ganin siminti ne a takarda. Oga bai ko dubi inda nake ba, ya miƙa wa mai hannu da tsabta zanen.

Yanzu ga bayanin jinya, kamar yadda ya tabbata.

Da na jona marigayi a safiyar Litinin ɗin, fitilunsa uku suka kama tare, suka mutu tare. Na danne Alt na buga lambobinmu, bai amsa ba. Can sai ya fara rubutu shi kaɗai, biyu, biyu, biyu, biyu, har ya cika layi, sannan ya yi shiru. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe, kuma ban san me yake nufi ba. Na kwantar da shi a taga ya sha rana. Na kifa shi a gaban fanka. Daga ƙarshe na rungume shi zuwa wurin mai gyaran kwamfuta da ke bayan shagon walda. Ya kwance shi, ya sa yatsa a ciki, ya shinshina.

"Shayi ne, da madara, da sukari kamar na biki," in ji shi. "Amma shayin kaɗai da ya tashi. Wankan ne ya kashe shi, Hajiya. Wa ya tsoma shi a ruwa?"

Ni ba 'yar sanda ba ce. Mutum ce kawai da ba a kula da ita a ɗaki, don haka take ganin komai. Teburina ne kaɗai ke ƙarƙashin fankar da ke aiki. An ja kujerata baya, an sauke ta daidai zaman mai dogayen ƙafafu. A ofishin nan mutum ɗaya ne ke shan shayi da madara, sauranmu baƙi muke sha. Kuma duk wanda ya shigo ranar Litinin ya sha labarin ƙwallon da aka ci a minti na ƙarshe ranar Asabar, daga bakin wanda ya ce har tsalle ya yi bai sani ba. Duk da haka na tambayi Inna mai shara, don kada in ɗauki alhaki.

"'Yata, ni da kika hana ko ƙurarsa in goge?" ta ce. "Na dai zo ɗaukar bokitina ranar Asabar, na ga mutum a bakin famfo ya naɗe hannun riga yana cuɗa abu da soso kamar mai wankan jariri. Na ce sannu da aiki, ya ci gaba da cuɗarsa."

Ba zan ce Allah ya jiƙan marigayi ba, don roba ne da waya, kuma na san iyakata. Amma Allah ya isa, wannan kam ina da ikon faɗa, kuma na faɗa.

Da a ce Malam Kawai ya zo ya ce, ƙanwata, tsautsayi ya faɗa, da na yi murmushin nan nawa na marasa baki na ce ba komai. Bai zo da wannan ba. Ranar Talata ya zo da filashinsa, ya dubi kwalin takarda da na kwantar da gawar a ciki, ya ce, "Af, ya lalace? Ai dama ya tsufa. Kawai ki sa min alamar a na tankin nan, Oga na jira."

Na ji muryata ta fito, ni kaina sai da na waiga. Na ce, "Ina cikin makoki."

Ya yi dariya. Ya dawo bayan azahar, na ce ina cikin makoki. Ya dawo washegari da lemon kwalba mai sanyi, na karɓa, na gode, na shanye, na ce ina cikin makoki.

Marigayi ya rasu ya bar mata ɗaya, wato maus, wadda ke nan a gefen tebur tana zaman kaɗaici. Ya bar magogin fensir da ya tallafe shi tsawon rayuwa, yanzu ba shi da aikin yi. Ya bar 'ya'ya da jikoki, dubban Ø, a warwatse cikin fayilolin kamfanin nan, mafi yawansu suna amsa sunan uban da bai haife su ba.

An kuma raba gado, domin marigayi bai tafi da ilmi kabari ba. Sakatariya, mai aiki da Word, ta gaji wannan: ta rubuta 00D8, ta danna Alt da X tare, alamar za ta fito ko a laftof marar lambobin gefe. Mai kula da sito, wanda ke fama da Excel, ya gaji =CHAR(216), ya kuma gaji hanyar Insert da Symbol don ranar da ya manta. Inna mai shara ta gaji salatif. Malam Kawai bai gaji komai ba, don kowa ya sani wanda ya yi kisa ba ya cin gadon wanda ya kashe. Ana roƙonsa ya tsallake wannan sakin layi. In kuma ya riga ya karanta, ya sani haram ya ci.

Jiya Oga ya fito da kansa, tabarau a goshi, ya tambayi jadawalin tanki.

"An gama, Oga," in ji Malam Kawai. "Alamar ce kawai ta rage, ƙanwar tamu kuma ta ce wai makoki take."

"Makokin wa?"

Na nuna kwali. Oga ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai kamar wanda ya san mamacin.

"To ba damuwa," ya ce. "Mu lokacin da muke zane da hannu, sifili muke yi mu ja masa layi. Buɗe mu buga shi a haka, ni zan bi in ja layukan da biro."

Ya zaro biro daga aljihu, ya cire murfi, ya tsaya. Ban taɓa jin fankar nan da ƙarfi kamar lokacin ba. Malam Kawai ya ce batir, aka jona masa caja. Ya ce fayil ɗin yana da nauyi, aka jira shi. Da ya buɗe, ga kan jadawali, ga suna da manyan baƙaƙe, ga fili.

Oga ya sauko da tabarau kan hanci. "Ina zan ja layin?"

Sakatariya ta sami wani abu mai muhimmanci a cikin jakarta.

"Na gadar nan fa, da na makaranta, da na asibiti? Wa ya yi su?" in ji Oga.

Ya juyo gare ni. Kunya ta kama ni kamar kullum, na sunkuyar da kai, na ce, "Marigayi ne, Oga. Ni hannu kawai nake riƙe masa."

Sannan na jawo aljihun tebur na miƙa masa jadawalin tankin, wanda na yi a kwanakin makokin nan, da sunana a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ya karanta shi a tsaye, shafi bayan shafi, yana bin lambobi da gindin biro. Bai ce hannuna da tsabta ba. Ya rufe biro, ya dubi ƙafafuna, ya ce, "Injiniya, takalmi lamba nawa kike sawa? A filin gini ba a shiga da irin wannan."

Da na gaya wa Mama a waya, sai ta ce, "Ashe sai da roba ta mutu bakinki ya buɗe. Da na sani da ni na wanke shi tun bara."

Za a yi jana'iza yau bayan an tashi aiki. Za a ɗauki gawar daga teburina, a bi ta gaban famfon da abin ya faru, a ɗan tsaya a nan, sannan a sauka zuwa shagon mai gyara, wanda ya yi alkawarin raba sassan jikinsa ga mabukata. Maɓallai huɗu ne kawai iyali suka riƙe. Ba za a yi wa marigayi wanka ba, an riga an yi. Ba za a raba shayi ba. Masu son yin ta'aziyya daga mako mai zuwa su same ni a wurin ginin tanki, su zo da hular kwano.

Iyali sun so a ba Malam Kawai ɗaukar kwalin, tun da hannunsa ya saba da mamacin. Na tashi in gaya masa da bakina, na tarar yana tsaye a bayana, yana karanta wannan sanarwa a kan allon kwamfutata, ban san tun yaushe ba. Ya kai ƙarshe. Ya koma teburinsa, ya naɗe cajarsa a hankali, ya sa laftof a hammata, ya fita, ya ja ƙofar a bayansa yadda ko ƙara ba ta yi ba.