Yadda Kwamfuta Ta Kashe Malam Jatau

A wani gari wai shi Dawo-Gobe, akwai wata kwamfuta a Ofishin Jin Daɗin Tsofaffi wadda ta girmi shugaban ofishin. Sai an yi mata fifita take tashi, in ta yi tari a kira mai gyaran rediyo.

Wata rana Malam Jatau, tsohon hedimasta, ya je karɓar fanshonsa. Akawu ya danna, ya jira, sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba, sai haƙuri. Ka rasu."

"Yaushe?"

"Tun bara. Allah ya jiƙan ka."

"Amin. Amma ga ni tsaye."

"Ni na gan ka, Baba. Ita ce ba ta gan ka ba."

Da ya koma gida, matarsa Ladidi ta tambaye shi ko ta shiga takaba ne ko ta ɗora tuwo. Ya ce ta duba buhu. Babu komai a ciki.

Da matattu irinsa suka yawaita a bakin ofis, Sarki Mai-Alkawari ya tara Majalisar 'Yan Na'am. Suka ce lallai a sayo sabuwar na'ura, suka ƙirƙiro Harajin Zamani. Su masu haraji tuni na'urarsu sabuwa ce dal, nan take ta gano Malam Jatau.

"Ai na rasu," in ji shi.

"A wajenmu lafiyarka ƙalau, Baba."

Ya sayar da kekensa ya biya.

Kwamiti ya tafi ƙasar waje koyon yadda ake kunnawa, ya dawo da ƙiba da na'ura. Aka yi bikin buɗewa da makaɗa. Aka kwashe duk abin da ke cikin tsohuwar aka juye a sabuwar, ba a rage ko wasali ba. Yanzu kafin Malam Jatau ya gama sallama ta sanar da rasuwarsa, har ta aika wa Ladidi ta'aziyya a waya.

Da damina ya kwanta ciwo, kuɗin magani ya gagara, ya cika.

Ba a yi sadakar bakwai ba na'ura ta gyara kuskurenta. Ladidi ta je ofis ta ce mijinta fa ya rasu da gaske.

"Inna, daina yi masa mugun fata," in ji akawu. "Ga shi nan a raye. Jiya ma ya karɓi fanshonsa har da ariyas na watannin baya."

Tun daga lokacin, duk ƙarshen wata, Malam Jatau bai taɓa makara ba.