Taransifomar da ta Warke Lokacin Azahar

Da wani ɗan Sudan mai kaɗa jita ya dire amfilifayarsa ta ƙara sauti, irin ta da, mai kwalabe, a shagona na gyaran rediyo a unguwar Gubaira, nan ƙasar Larabawa, ban bari ya gama bayani ba. Ina jin gurnanin nan na zuuu, na ce masa, "Taransifoma ce, sadik. Mafi mushkila." Wato, abokina, babu matsala.

Na rantse sai na ga bayanta. Na ɗaure ƙusoshi, na sa roba a ƙarƙashinta, na shafe ta da man banish. Gurnani ko gezau. Abincin rana ma na ƙi ci.

Ana kiran azahar na ƙara murɗa wata ƙusa, sai tsit. Na yi kabbara ni kaɗai, na kira mai kaya, na fita ina shaida wa duk layin cewa hannuna ba na wasa ba ne.

Bayan salla ya zo, maƙwabta suka taru. Ya ɗaga jita ke nan, Malam Issufu, mutumin Maraɗi mai walda a jikin bangona, ya kunna injinsa. Zuuu! Ya kashe, tsit. Ashe wayar wutarmu ɗaya. Lafiyar taransifoma ƙalau, injin ne ya tafi salla.

Har yau Malam Issufu ba ya fara aiki sai ya leƙo ya kira ni injiniya da Larabci: "Muhandis, in kunna, ko kana tsakiyar warkar da wani?"