Wayar da Ta Tsaya a Kashi Sittin

Ina kan keken ɗinki matarsa ta kira ni. "Yaya, taubashinki ya rasu." Zazzaɓin kwana biyu kawai. Na yi salati, na ajiye almakashi, na zauna ina kallon wayar da ke hannuna. Shi ya gyara ta, ko mako ba a yi ba.

Ɗan kawuna ne, mai gyaran waya. Tare muka tashi, kuma ban tuna ranar da muka gaisa kamar mutanen kirki ba. Ranar ƙarshe da na je shagonsa, na same shi ya duƙufa a kan tebur, ƙananan kusoshi cike da murfin kwalba a gabansa.

"Lafiya lau, Ƙaton Kai. Har yanzu hukuma ba ta rufe shagon nan ba?"

"Tana jira a fara kama masu ɗinkin buhu. Me kika kashe yau?"

"Ita ta kashe kanta. Ta ce in sabunta manhaja, na danna, ta kai kashi sittin ta tsaya. Yanzu sai ta kunna, ta mutu, ta kunna."

"Ruwa ba ya tsami banza. A ina kika sauke?"

"A shagona na fara. Da na ga ta yi zafi na kashe data ta huta. Washegari na ɗora a gidan maƙwabciya, na ƙarasa a cikin mota."

Ya dafe kai. "Ta huta! Jaki ce?"

"Ɗinki ma ana ajiyewa a ci gaba gobe."

"Shi ya sa rigar da kika yi min hannu ɗaya ya girmi ɗaya. Abin da kika sauke ya yage a hanya. Yadi mai rami kika ba ta, kika ce ta sa ta fita."

"To ka yi faci. Ko allon da ke ƙofa ƙarya yake, Injiniya?"

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Mafi sauƙi in wanke ta tas, komai ya tafi, ta dawo sabuwa. Ke ma da ana yi wa mutane, da na yi miki kyauta."

Nan dariyata ta ɗauke. Na ce, "Muryar Inna na ciki. Saƙonninta duka. Ban ajiye a ko'ina ba."

Mahaifiyata gwaggonsa ce, ta rasu bara. Ya ture wayoyin mutane gefe, ya jona tawa da kwamfuta. Ya goge yagaggen, ya sake saukewa daga farko. Muka zuba wa layin da ke nuna kashin da ya sauka ido yana rarrafe.

"Kada ki taɓa. Kada ki yi numfashi. In ya kai sittin ki juya baya, fuskarki yake tsoro."

Ya wuce sittin. Ya cika. Wayar ta buɗe. Na danna saƙon da ya fara zuwa, muryar Inna ta cika shagon: "Ki gaya wa yaron nan mai ƙaton kai ya dawo min da rediyona. Wata huɗu yana gyara, ko haihuwa zai yi?"

Ya yi dariya har ya kifa kai a tebur. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Ku biyu kuka taru a kaina? Shi ke nan, kin ci. Tura min wannan."

Na tura. Ya ciro sabuwar caja daga rataye ya cusa min a jaka.

"Tafi, kina korar min masu ciniki."

"Allah ya shirye ka, Ƙaton Kai."

"Ya fara da ke. Ni ba sauri nake ba."