Yadda Za Ka Gyara Kan Mai Bugun Besbol Har Ya Manta Bugu

Gwiwa ta ƙi, tumbi ya fito, amma kana so a kira ka kocin besbol, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda, a garinmu San Pedro? Zauna. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, ba ɗan wasan da zai shiga hannunka ya fita yadda ya shigo. Da waɗannan matakan Don Radhamés na unguwarmu ya yi suna, a kan idona.

1. Nemo wanda ya riga ya iya

Kada ka wahalar da kanka da ɗan koyo. Shi Radhamés, wani yaro Eudy ya ɗauka, ɗan Doña Ercilia mai tuyar ayaba, wanda tun yana yawo ba wando yake bugun murfin jarka da guntun sanda, da wuya ya kuskure. Shekararsa sha bakwai, wato a idon masu ɗibar 'yan wasa zuwa Amurka ya fara furfura. Gwaji ɗaya ya rage masa.

2. Gano masa ciwo

Tambaye shi me yake tunani in ƙwallo ta taho.

"Ba komai, koci," in ji Eudy. "Ina ganinta nake make ta."

Radhamés ya dafe kai. "Ba komai? Ashe fanko kake yawo da shi a wuya, ɗana. Allah ne ya kawo ka wurina."

Ka lura, lafiyayye ba ya neman mai magani sai an gaya masa ba shi da lafiya.

3. Karɓe sandar

Bugu aikin jahilai ne. Zaunar da shi a gindin mangwaro, ya rufe ido, ya ja numfashi, ya riƙa bugawa a zuci. A zuci ba a kuskure, saboda haka kullum ɗalibinka ci gaba yake.

4. Toshe bakin uwa

Za ta zo, ba makawa. Doña Ercilia da matsaminta a hannu ta iso.

"Radhamés, barci kake koya masa? Wannan ai tun a gida ya ƙware."

"Haba Doña, haka ake yi a Amurka."

Ka riƙe sunan ƙasar nan da kyau, ya fi kwaɗo kulle baki.

5. Ranar gwaji, cika shi taf

Kowane yaro a garin nan ya san bugu ake zuwa kallo, ba a taɓa ba wani tikitin jirgi don ya iya haƙuri ba. Kai dai raɗa masa ya karanci kafaɗar mai jifa, ya gane niyyarsa, ya jira ƙwallon da ta dace da shi.

Eudy ya tsaya. Ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Ta uku ta zo tsakiya sak, irin wadda kakata za ta buga, shi yana can yana karatun kafaɗa. Mai ɗibar 'yan wasan ya juyo wajen Radhamés.

"Sandar ta aro ce, yake tsoron ta karye?"

Bai jira amsa ba ya kira na gaba.

6. Wanke hannu

Girgiza kai ka ce, "Tun farko na faɗa, matsalar a kansa take." Yanzu kam gaskiya ka faɗa.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Mai ƙorafi ya nemi Radhamés, amma ya bi layi, don iyaye sun cika masa ƙofa da 'ya'yansu. Kada kuma wani ya tambaye ni Eudy, zancen yana ƙona min rai. In yaran unguwa suka miƙa masa sanda, sai ya ce hannunsa ke ciwo. Buhun siminti yake ɗauka da hannun nan kullum.