Sarkin Surki da Tsamiyar Cindo

A wani gari wai shi Komai-Daidai, mutane a cunkushe suke kamar ashana a kwali. Kowa da kukansa, amma cikin ɗari mutum ɗaya ke buɗe baki. Da ƙorafi ya fito sai ya ci karo da maƙwabci, a ce "Yi haƙuri," ya koma ciki. Sai dai ɗayan nan, a kasuwa mai matsi, har fada ake jin yajinsa.

Cindo mai kunun tsamiya yana cikin masu shiru, har ranar da Majalisar Haka-Ne ta shafa wa tsamiyarsa jan fenti. Za a sare ta a gina Ofishin Sauraron Jama'a. Ya kuma ji Sarki Barci-Lafiya zai raba garin unguwa-unguwa don a rage surutu. Ya ɗauko tsohon littafin kimiyyar 'yarsa, ya nufi fada.

"Ranka ya daɗe, mutanenka tsami ne mai rauni. A ruwa kaɗan, ƙwayoyinsa ƙalilan ke ɓallewa, sauran na riƙe da juna. Ƙara ruwa, fili ya samu, waɗanda suka ɓalle su daina haɗuwa. Ɗaya cikin ɗari ya zama uku, ya zama goma. Ka bar min itacena, ka bar garin yadda yake."

Fadawa suka tsorata. Wani tsoho a gefe ya yi hamma.

"To ɗanɗanon fa, mai kunu? A cokali guda?"

Cindo ya rufe littafin. Ƙarya ɗaya za ta ceci tsamiyar, shi kuwa ko a awon ludayi bai taɓa yi ba.

"Raguwa yake yi."

Nan take aka naɗa wa tsohon nan sarautar Sarkin Surki.

Aka raba gari goma. Masu magana suka ƙaru, aka raba ɗari. Suka ƙaru, aka raba dubu, har kowane gida ya zama unguwa, kowace unguwa da ƙofa da tuta da hatimi, tsakaninta da 'yar'uwarta tafiyar yini. Yanzu kowa zagin sarki yake da rana tsaka, sai dai ba mai jin wani. Baƙi suka zo suka ba sarki lambar yabo ta 'yancin faɗin albarkacin baki.

Ranar da masu gatari suka iso, Cindo ya yi ihu har muryarsa ta dushe.

"Baba, daina wahalar da maƙogwaro," in ji shugabansu. "Doka ta ce ka kai kuka wurin mai unguwarka."

"Wane ne shi?"

Mutumin ya duba takarda, ya cire hula, ya durƙusa.

"Allah ya ja zamaninka. Sa mana hatimi a nan mu fara."