Rahoton Injina a Wayar Marigayiya

Wata biyu bayan rasuwar matata, aka sa wa injinan masana'antarmu ta robobi manhaja mai tura rahoton lafiyarsu ga jami'an duba masana'antu duk Juma'a. Injiniya ya ce zai nuna mini yadda ake saita ta. Na ce, "Malam, shekarata goma sha biyu da injinan nan." Na zauna ni kaɗai na cike komai. Da na zo gurbin lambar wayar da za a riƙa tura wa rahoton, yatsuna suka rubuta wadda suka fi sabawa da ita.

Bayan mako shida jami'ai suka zo da kwaɗo za su rufe mu, wai ba su ga rahoto ko ɗaya ba. Na rantse ana turawa. Alhaji mai kamfani ya kira lambar da na sa, kowa yana ji. Surukata ce ta ɗauka daga Tarauni, don wayar marigayiya tana hannunta.

"Ai maƙwabciyata tana karanta mini saƙonnin," in ji Inna. "Wancan mai yawan zafin jikin, ya samu sauƙi?"

Aka ba mu kwana uku mu gyara. Har yau, in na kama hanyar gidana na Gyadi-Gyadi, inda babu mai jirana, sai ma'aikata su ɗaga murya: "Oga, a biya wajen Inna, a ce mata inji na uku ya warware!"