Hujjar da Na Tura China

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe kwalin surukina a Tiga ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Surukin nawa manomin rani ne, tsadar fetur ta ishe shi. Ni kuma da yake na taɓa sayo agogo da takalmi daga China ta waya sun iso lafiya, sai na ɗauki kaina gwani. Na ce ya bar min komai, zan sayo masa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, har da farantinsa, a farashin da ba a samu a Kano. Ya sayar da tsohon injinsa, ya cika da kuɗin shinkafa ya damƙa min. (Matata ta ce in bari ya je kasuwa ya taɓa da hannunsa. Na ce mata zamani ya wuce nan.)

Ƙa'idar masu wannan kasuwar ta waya ita ce, in kaya ya zo a lalace ba za a mayar maka da kuɗinka ba sai ka nuna bidiyon buɗe kwalin, tun daga yanka salatif har fito da kayan. Na haddace wannan, har ina koya wa mutane.

Da kayan suka iso, suruki ya ce ba a buɗe sabon abu haka kawai. Ya kira Liman da maƙwabta zaure. Na tsaya a kan kwalin da waya a hannu, ina ce wa dattawa su ɗan matsa, haske nake so. Liman ya fara addu'a, suruki ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Bayan an shafa aka zaro farantin, sai ga gilashinsa a tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Na dake na ce, "Baba, kada ka damu, ina da hujja. Ko su canza ko su dawo da kuɗi."

Nan take na shigar da ƙara na tura bidiyon. Ban kalla ba. Me zan kalla, ni da na ɗauka?

Sai jira. Tumatir na gona yana neman ruwa, tsohon inji ya tafi, sabo yana jingine a zaure. Kullum na je gaisuwa suruki ba ya tambayata komai, sai dai ya ce, "Ya aiki?" Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da hukunci ya fito, sai aka ce mai kaya ne da gaskiya, wai bidiyona bai nuna buɗewa ba. Na fusata, na tafi zaure ina cewa zalunci ne tsagwaronsa. Liman na nan, maƙwabta na nan.

Suruki ya ce, "To kunna mana, mu ga abin da suka ƙi gani."

Na kunna, kawuna suka haɗu a kan wayar. Ga kwali a rufe, tsaf. Muryar Liman na tashi sai hoton ya juya sama. Ashe da aka ɗaga hannu ni ma na ɗaga nawa, da wayar a tafina. Rufin zaure kawai ake gani, sai ƙarar wuƙa da muryata tana zuba amin. Da aka zo shafawa, hancina ya cika wayar gaba ɗaya, har da gumi. Daga nan sai fasasshen faranti.

Na ji kamar in shige cikin kwalin.

Liman ya gyara murya ya ce, "Amin ɗinka dai ta fita sosai."

Suruki bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya miƙo min wayar ya ce, "Allah Ya mayar da alheri. Gobe ka fito da wuri, akwai ban ruwa."

Haka na ƙare ranin nan ina jan tiyo a bayan injin haya, fetur kuma daga aljihuna. Yanzu in za a buɗe kwali, sai na jingine wayar a bango tukuna: ita ta yi aikinta, ni in yi addu'ata. Kuma ban ƙara ce wa kowa ina da hujja ba sai na kalle ta ni kaɗai a ɗaki.